Wata bakwai da baƙaƙen aladuna

'Yan'uwa masu koyon kiwo, ga inda aka kwana da 'yan aladun gidan nan guda huɗu. Watansu bakwai cif, kuma jiya na sake auna su da tef ɗin ɗinkin maiɗakina, don har yanzu ban mallaki sikeli ba.

Ga wanda bai san dabarar ba: a zagaya tef a ƙirji, daidai bayan ƙafafun gaba, sannan a auna tsawo daga tsakanin kunnuwa zuwa gindin wutsiya. A mayar da lissafin mita. Ƙirji sau ƙirji, sau tsawo, sau 69.3, abin da ya fito shi ne kilo, kusan-kusan. A baki da sauƙi. Alade kuwa ba ya tsayawa a taɓa shi sai an zuba masa dusa a kwano, in kuma ya sunkuyar da kai yana ci, tsawon sai ya ƙaru. Saboda haka kullum a irin tsayuwa ɗaya nake auna su, da safe, ɗana na sosa musu baya.

Babbansu, wanda yara suka raɗa wa Sarkin Ci, ƙirjinsa santimita 70, tsawo 72, wato kilo 24 da 'yan kai. Autarsu kuwa 58 da 60, kilo 14 ke nan.

Da farko wannan lissafi ya kashe mini jiki. Maƙwabcina na da farare 'yan agirik, irin Large White, sa'o'in nawa ne amma sun ninka su har da ɗori. Irin waɗancan in sun sami cikakken abinci suna kai kilo 90 cikin wata shida ko bakwai. Namu na gida, masu dogon hanci da tsayayyun kunnuwa, ko sun gama girma galibi tsakanin kilo 40 ne da 60. Da na kai wa kawuna kuka, dariya ya yi. Ya ce, "Ɗana, je ka tambayi maƙwabcin naka buhu nawa ya saya." Na je na tambaya. Tun daga ranar ban sake leƙa katangarsa ba. Nawa dusar masara suke ci da dusar burukutu, da ganyen dankali, da ɓawon rogo wanda na shanya ya bushe ƙayau (ɗanyensa na da guba, kada ku yi ganganci), sai ɗan ƙuli-ƙuli da nake daka musu saboda gina jiki.

Sai dai ba duk ƙarancin nan ba ne na jini, akwai laifina a ciki. Da aka gama girbi na sake su suna yawo kamar yadda kowa ke yi a unguwa. Tsakanin watansu na huɗu da na biyar da haihuwa tef ɗin bai motsa ba ko da santimita biyu. Ci suke kamar gara, amma ciki ya kumbura, ƙugu ya tsuke, gashi ya miƙe tsaye, ga autar tana ta goga jiki da bango har bayan kunnenta ya yi ɓawo. Malamin dabbobi na duba su ya ce tsutsar ciki ce da ƙazuwa. Ya yi musu allurar Ivermectin, ya maimaita bayan mako biyu, ya kuma yi mini faɗa a kan sakin. Aladen da ke kiwo a juji da bayan gida shi ke kwaso ƙwayoyin tsutsar nan da ake gani fari-fari a nama, shi ne kuma ke jawo zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Najeriya a 1997 kuma ba shi da magani. Na haɗa musu ɗaki da bulon ƙasa, na yi daɓen siminti mai ɗan gangare. Cikin wata biyu Sarkin Ci ya ƙara wajen kilo bakwai.

Alhamis ɗin da ta wuce na je kasuwar aladu ta Katsit, nan kusa da Kafanchan, don kawai in ba ido abinci. Manyan dillalan da ke lodi zuwa Kudu farare suke bi. Baƙaƙen kuwa masu yanka na cikin gari ne ke zagaya su, suna matsa bayansu da yatsa. Da na dawo ban shiga gida ba, takalmin da na je da shi ma a ƙofa na wanke shi da ruwan bilic, don kada in kwaso wa nawa cuta.

Mazan biyu an riga an dandaƙe su, su ne na Kirsimeti in Allah ya kai mu. Babbar macen zan bar ta ta ƙara ƙwari kafin in kai ta barbara, daga nan sai ƙirgen wata uku, mako uku da kwana uku kafin ta haihu. Autar ce ban yanke shawara ba. In awon wata mai zuwa bai kai santimita 62 a ƙirji ba, zan ware ta da kwanonta, don na lura Sarkin Ci na ture ta da hanci tun kafin ta sa baki.