Ɗalibanmu na 2020

Har yau in aka yi zancen jajircewa, 'yan ajin ƙarshe da na koyar a 2020 nake fara tunawa. A watan Maris korona ta sa aka rufe makarantu, WAEC ta ɗage jarrabawar da aka shirya farawa a Afrilu. Yaranmu suka koma gida, yawancinsu ba waya mai intanet, ba wutar lantarki. Darasin rediyo ne ya zama ajinsu. Wata yarinya ta faɗa min tana wanke-wanke tana sauraro, in ta gama ta rubuta abin da ta riƙe a ka. Masu WhatsApp kuma su kwafi tambayoyi da hannu su kai wa maƙwabta.

Da aka buɗe musu a Agusta, 'yan kwanaki kawai muka samu na bita kafin a fara jarrabawar ranar 17 ga wata, kowa da takunkumi a fuska, bokitin wanke hannu a ƙofar aji.

Sakamako ya fito a Nuwamba. Wallahi sai da na yi hawaye, musamman kan lissafi, wanda shi na fi jin tsoro. Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana, ya saka wa iyayenku da alheri.