Kiwon karen shiba: igiya, farata da gashi

Wanda ya ga hoton shiba inu a intanet, jan kare mai tsayayyun kunnuwa da wutsiya a naɗe bisa gadon baya, fuska kamar yana murmushi, yakan ɗauka ɗan kare ne mai son a rungume shi. Ni ma da wannan zaton na fara kiwonsa. Sai na tarar da kare mai ra'ayin kansa, wanda ba ya bin umarni sai ya auna ya ga ribar da ke ciki. Daɗin zama da shi da wahalarsa duk daga wannan hali suke fitowa.

Halin yana da tushe. Shiba shi ne mafi ƙanƙanta cikin nau'o'in karnuka shida na asalin Japan, sauran su ne akita, kishu, shikoku, kai-ken da hokkaido. Mafarauta ne suka raine shi a tsaunuka, yana kutsawa sarƙaƙiya ya koro tsuntsaye da zomaye, kuma karen da ke aiki nesa da idon mai shi dole ya saba yanke hukunci da kansa. A 1928 aka kafa ƙungiyar Nihon Ken Hozonkai don kare karnukan ƙasar, a 1936 gwamnati ta sa shiba cikin abubuwan gado da doka ta ba kariya. Yaƙin Duniya na Biyu da annobar cutar karnuka ta distemfa da ta biyo baya sun kusa shafe shi, sai daga zuri'a uku da suka rage aka farfaɗo da shi: Shinshu ta Nagano, Mino ta Gifu, da San'in ta yankin Tottori da Shimane. Namiji yakan kai kilo 10 zuwa 11, mace kamar kilo 8, kuma yakan yi shekara 13 zuwa 16 a duniya. Ɗan ƙaramin jiki ne, amma zuciyar mafarauci tana nan daram.

Darasi na farko, wanda ya fi kowane tsada idan aka yi sake, shi ne igiya. Shiba na iya amsa kira sau ɗari a cikin gida, ran da kyanwa ko tsuntsu ya gilma a waje sai ya zama kamar bai taɓa jin sunansa ba. Ban kwance shi a filin da ba shinge, ko da kuwa ya yi wata shida yana amsa kira ba fashi. Idan ina so ya wala, doguwar igiya nake sa masa mai mita 5 zuwa 10, kuma a jikin ɗamarar ƙirji nake maƙala ta, ba a wuya ba, don idan ya zabura da gudu ya kai ƙarshen igiyar, fizgar tana iya ji masa ciwo a maƙogwaro.

Abin wuya ma akwai magana. Wuyan shiba kauri gare shi, ga gashi cunkus, kan kuma tsukakke ne, saboda haka abin wuya na yau da kullum yana zamewa ta kai da zarar ya turje ya ja da baya. Wanda ya yi mini aiki shi ne mai madauki biyu da ake kira matingel, wanda ke ɗan tsukewa idan an ja, amma yana da iyakar da ba ya wucewa. Ana daidaita shi ne yadda ko ya tsuke iya tsukewa, yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuya. Katanga kuwa ta kai kusan mita 1.8, a duba ƙasanta don yana tono, a janye duk wani tebur ko durom da zai taka ya haura. Amma mafi yawan tserewa ta ƙofa ake yinta, lokacin da baƙo ya shigo ko aka buɗe don karɓar saƙo. Na sa ƙaramar ƙofar tsari kafin babbar, na kuma koya masa zama kafin a buɗe: hannu na kan mabuɗi, idan ya tashi na saki, idan ya zauna na buɗe kaɗan, haka har ya gane zamansa ne ke buɗe ƙofar. Likitan dabbobi ya sa masa ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, ga lambar waya a abin wuya. Idan kuma ya kuɓuce, kada a bi shi da gudu, wasa zai ɗauka kuma ba mai cim masa. A tsuguna, ko a juya a gudu ta wata fuskar ana kiransa da fara'a, ko a kaɗa ledar abin da yake so. Da ya dawo a ba shi lada. Wanda ya dake shi don ya gudu, ya koya masa ne cewa dawowa ita ce laifin.

Masu shiba a Japan suna da suna ga karen da ya kafe a tsakiyar hanya, suna ce masa kyohi-shiba, wato shiba mai ƙi. Ƙafafu huɗu a dafe, gindi a ƙasa, abin wuya ya turo kumatu gaba har idanu sun rufe. Ja ba ya kawo komai sai ƙarin turjiya. Nakan sassauta igiyar, in tsaya shiru daƙiƙa 20 ko 30, sannan in ɗan yi kwana in kira shi. Galibi yakan taso. Amma sai a fara duba tafin ƙafa da zafin ƙasa tukuna, don wani lokaci ƙaya ce ko kwalta mai ƙuna, ba taurin kai ba.

Horonsa gajere ne: minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a yini. Yana kama abu da wuri, sai dai maimaici na gundurar sa. Idan ya zauna sau uku daidai na ce ya yi na huɗu, kallona yake yi ya tafi abinsa. Umarni sau ɗaya nake faɗa, don wanda ya saba cewa "zo, zo, zo" ya koya wa kare cewa na farko da na biyu ba su da nauyi. Ladan kuma ɗan guntun nama ne da bai wuce girman ƙwayar wake ba, a ba shi nan take. Tsawa da duka ba sa karya shiba, ja da baya suke sa shi yi, kuma ba ya mantuwa.

Inda na fi yin kuskure shi ne taɓa jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen kwikwiyo bai wuce mako 12 zuwa 14 na farko ba. Abin da ya saba da shi a wannan tsakanin, hannu a tafin ƙafa, ƙarar mota, yara, mai hula, mai sanda, shi zai ɗauka a matsayin abin duniya na kullum. Ni na mayar da hankali kan fita da shi da nuna masa mutane, na bar ƙafafu da baki da kunnuwa, sai ranar yankan farce ta farko na ji abin da ake kira ihun shiba. Ba haushi ba ne, ƙara ce siririya mai tsawo kamar ana yanka shi, alhali almakashin bai ma taɓa farcen ba. A nan mutum yake shiga tsaka mai wuya. Idan ka sake shi don ya yi ihu, ya koyi makami. Idan ka danne shi ka gama da ƙarfi, ka dasa tsoro, gobe sai cizo.

Mafita ita ce a tsaya kafin ihun ya zo. Mako na farko na taɓa kafaɗa kawai, lada. Sai gwiwa, sai tafin ƙafa na daƙiƙa ɗaya, lada. Mako na biyu na ajiye abin yankan a gabansa ya sansana, na danna shi a iska ya ji ƙararsa, lada. Sai a mako na uku na yanke farce guda ɗaya tak, na tashi. Washegari wani guda. Ana cire milimita 1 zuwa 2 ne kacal, don akwai jijiya mai jini a cikin farcen, kuma a baƙin farce ba a ganinta daga waje. A riƙa duban bakin inda aka yanke, da zarar ɗigo mai duhu ya bayyana a tsakiya, an zo kusa, a tsaya. Hodar tsayar da jini ta kasance a kusa. Duk mako 2 zuwa 3 ake yi, alamar an makara ita ce jin ƙas-ƙas idan yana tafiya a daɓe. Da wannan dabarar na saba masa da buroshin haƙori da duban kunne, kuma ita ce ta sa zuwa wurin likita ya daina zama yaƙi.

Sai gashi. Riga biyu gare shi, ta sama mai kaushi da ta ƙasa mai laushi kamar auduga. Sau biyu a shekara, idan sanyi zai wuce da kuma idan zai shigo, ta ƙasan takan zube gaba ɗaya cikin makonni kaɗan. Za ka ga tsumma-tsumman gashi sun ɓullo a cinya da wuya, ka sa yatsu biyu ka zare su ba tare da ya ji komai ba, ka cika hannu, ka dawo bayan awa guda ka tarar kamar ba ka yi ba. A wannan lokaci kullum nake taje shi minti 10, da mataji mai dogayen haƙora da ke kaiwa ƙasa, sannan buroshi mai siraran wayoyi, ina bin kwanciyar gashin. Wanka da ruwa mai ɗumi yana sassauta mataccen gashi, amma a busar da shi har fata da iska marar zafi, don damshin da ya maƙale a ƙasa shi ke jawo gyambo. Sauran watanni taza sau ɗaya a mako ta isa, wanka kuma duk wata 2 ko 3. Kada a aske shi da sunan rage masa zafi. Rigar sama ce ke kare fatar daga rana, kuma bayan aski gashin kan fito a hargitse. Maganin zafi inuwa ne da ruwa da fita da sassafe ko bayan faɗuwar rana.

Tsabtarsa kuwa abin sha'awa ce. Yana lashe ƙafafunsa kamar kyanwa, yana kewaye taɓo, ba shi da warin kare sosai. Koya masa bayan gida bai ba ni wuya ba: fita da shi da ya farka, bayan cin abinci, bayan wasa, da duk awa biyu. Sai dai tsabtar tana da kuɗinta, don da yawansu ba sa yarda su yi kashi ko a tsakar gidansu, sai an fita. Ko ana ruwa, ko kana fama da mura, fita biyu a yini tana nan, jimilla minti 45 zuwa awa guda.

Abinci da ma'auni nake ba shi, ba da ido ba. Babban shiba mai kilo 10 yana bukatar abin da bai wuce kalori 550 zuwa 650 a yini ba, wato wajen giram 150 na busasshen abincin karnuka, a raba biyu, kuma ladan horo kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na wannan. Gashi na ɓoye ƙiba, don haka hannu nake sawa in laluba haƙarƙari, idan sai na danna kafin in ji su, na rage. Cakulan, inabi da busasshensa, albasa, tafarnuwa da zaƙin zailitol da ke cikin wasu cingam duk guba ne gare shi. Yana kuma da rowar abin da ya mallaka. Idan ya samu ƙashi sai ya daskare a kai, ido a gefe, leɓe ya ɗan ɗaga. Ban ƙwace, musaya nake yi: in jefa abin da ya fi daɗi nesa kaɗan, in ɗauke wancan, sau da yawa ma in mayar masa. Gurnani gargaɗi ne, wanda ya hukunta kare a kansa ya cire gargaɗin ya bar cizon. Da wasu karnuka ma, kwikwiyon da ke wasa da kowa yakan canza idan ya kai shekara 1 zuwa 2, musamman namiji da namiji ko mace da mace. Kaji, zomaye da tsuntsayen keji kuwa ba a barin su tare da shi.

A lafiya abu uku nake sa wa ido bayan rigakafin distemfa, farbo (cutar amai da zawo ta karnuka) da haukan kare. Ƙaiƙayi na farko: lasar ƙafa ba tsayawa, jan ciki, kunne mai wari. A fara da maganin ƙuma, idan bai lafa ba likita kan sa gwajin abinci iri ɗaya na mako 8, kuma loma guda ta wani abu tana rushe gwajin. Na biyu gocewar ƙoƙon gwiwa, inda za ka ga ya ɗage ƙafar baya taku biyu ko uku sannan ya sauke. Na uku, wanda ba ya jira, hawan jinin ido ne, cutar da ta yi yawa a wannan nau'i. Ido ja, a kanne, yana hawaye ko ya yi hazo, a kai shi asibiti a ranar, don gani na iya tafiya cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa mai neman kwikwiyo ya nemi takardun gwajin idanu, gwiwa da ƙugu na iyayen, ya ga uwar da idonsa, kada kuma ya karɓa kafin mako 8. Farin jinin da shiba ya samu ya jawo masu haifar da karnuka barkatai don kuɗi. Kabosu ma, karyar da hotonta na 2010 ya zagaye duniya har ya hau kuɗin intanet na Dogecoin a 2013, an ceto ta ne a 2008 bayan an rufe wurin da ake kiwonta. Ta mutu a watan Mayun 2024 tana da shekara 18.

Ƙaunarsa ba ta hayaniya ba ce. Idan na shigo gida, kunnuwan nan tsayayyu sai su kwanta gefe da gefe, idanu su tsuke, duk bayan jikinsa na kaɗawa, ya yi zagaye biyu ko uku a guje, minti ɗaya an gama. Daga nan sai ya nemi wuri kamar taku uku daga inda nake ya kwanta. Japanawa suna kiran wannan tazara shiba-kyori. Da farko nakan jawo shi jikina, ya jure kaɗan ya zame. Da na daina, sai na lura duk ɗakin da na koma, bayan ɗan lokaci zan ji takunsa, ya zo ya kwanta a wannan tazarar, bayansa gare ni, fuskarsa na kallon ƙofa. Wani dare kuma, ba kira ba lada, sai ya matso ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata ya yi barci.