Sakin Hannu a Zanen Kwamfuta: Abin da Ke Sa Hoto Ya Ƙame

Ƙannena masu zane a waya da kwamfuta, idan hotonku yana fitowa sumul kamar 'yar tsanar roba, kada ku ɗora wa buroshi laifi. Kurakuran da zan ambata duk na tafka su, kuma babbansu shi ne yawan zuƙowa.

Da zarar ka zuƙo hoto ninki uku, ka daina ganin fuska, sai gashin ido. Ka ɓata awa guda a kan ido ɗaya, ka ja baya ka tarar kan gaba ɗaya a karkace yake. Ka bar hoton duka a gabanka har sai ka ci kashi uku cikin huɗu na aikin. Idan faɗin allonka fikzel 3000 ne, fara da buroshi mai girman 200 zuwa 300, kada ka rage shi sai abin ya gagara. Ƙaramin buroshi ne ke jan mutum zuwa tsince-tsince. Kuma kada ka fara a kan fari fat. Shafe allon da ruwan toka ko ruwan ƙasa, domin kowane launi duhu yake yi wa ido a kan fari, sai ka yi ta kuskuren awo.

Inda aikin yake shi ne haske da duhu. Ajiye buta a bakin taga, ka ƙanƙance ido har ta dushe. Abu uku za ka gani: gefen da rana ta buga, gefen inuwa, da inuwar da ta kwanta a ƙasa. Shimfiɗa ukun nan da manyan shafe-shafe, ba tare da zana layin gefe ba. Ɗan ƙyallin da ke kafaɗar butar shafa ɗaya ce tak, a ƙarshe. In matakan nan sun zauna daidai, ko hannu ya ɗan kauce buta za a gani. In ba su zauna ba, ado ba ya gyara su. Lokaci-lokaci ka mayar da hoton baƙi da fari ka duba.

Cikin kayan aiki, abin murza launi da buroshin feshi su ne suka fi cuta ta. Suna narkar da kowane gefe iri ɗaya, hoto ya koma kamar an shafa masa man kaɗe. In kana son haɗa launi biyu, tsinko na tsakaninsu ka ɗora shafa ɗaya a mahaɗar, ka ƙyale ta. Gefe ya zama iri-iri: mai kaifi inda kake son ido ya tsaya, mai laushi inda jiki ya lanƙwasa, wani kuma ya ɓace cikin duhun baya. Mai kallo zai ƙarasa da kansa.

Masu ganin sakin hannu gaggawa ce su duba aikin John Singer Sargent, shahararren mai zanen hotunan mutane da fenti. Shafarsa kamar ta wasa, alhali yakan kankare fuska ya sake ta sau da yawa. Tunanin kafin shafa ake yinsa. Saboda haka ka rage danna Ctrl+Z, maɓallan soke shafar da ka yi. Shafa ta ɓaci, rufe ta da wata, ɓurɓushin ta ƙasa shi ke ba hoto rai. Leya ma, wato shimfiɗun zane da ake ɗorawa ɗaya kan ɗaya, biyu ko uku sun isa, arba'in tsoro ne kawai.

Launi kuwa, gwada huɗun da ake dangantawa da mai zane Anders Zorn na Sweden: fari, baƙi, ja da rawayar ƙasa. Sun isa zana fuska.

Kullum ka saita agogo minti 20, abu ɗaya, buroshi ɗaya mai ɗan kaushi, leya ɗaya, ko a manhajar Krita kake, ko Procreate, ko ibisPaint. A minti na goma juya hoton dama zuwa hagu (a Krita harafin M ne) don karkata ta fito fili. Agogo na bugawa ka ɗauke hannu, ko da marfin butar bai samu ba.