Daga mahauta zuwa ajin karatu: yadda muke gyaran ƙoƙon kan dabbobi

Sana'ata ita ce gyaran ƙoƙon kan dabbobi. Mukan karɓo kan sa, ko na rago, ko na raƙumi daga hannun mahauta, mu raba shi da nama da maiƙo, mu gyara shi yadda zai yi shekara da shekaru bai yi wari ba, bai rududduge ba. Rumfarmu tana bayan gari a nan Zariya, nesa da gidajen mutane saboda wari, ni da yaran da ke koyon aiki a hannuna. Masu sayen kayanmu yawanci malaman kimiyyar halittu ne na sakandare, da kwalejojin aikin gona, da ɗaliban likitancin dabbobi, waɗanda Zariya ba ta rasa su saboda Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Akwai kuma masu otal da gidajen abinci da ke son kan bijimi mai manyan ƙahoni su kafa a bango. Su ne suka fi biya da tsoka, amma ba don su nake ƙaunar aikin ba.

Wahalar farko ita ce samun kan kansa. A ƙasarmu kai abinci ne, masu langaɓu da masu farfesu suna jiransa tun asuba, kuma da zarar an gama fiɗa sai a sare ƙaho da gatari, a wuce da kan wurin babbaka. Kan da ya shiga wuta ya tashi daga aikinmu: ƙashin hanci ya ƙone, haƙora sun tsattsage, hayaƙi ya shige inda ba a iya fitar da shi. Wanda aka fasa don a ciro ƙwaƙwalwa kuwa sai dai masu garin ƙashi na abincin kaji. Don haka dole ka yi sabo da mahauci, ka gaya masa tun jiya irin kan da kake so, ka biya kuɗinsa cif kamar mai miya, ka tsaya a kansa har a cire shi daga gaɓar wuya ba tare da an taɓa ƙeya ba. Sa'ar da muke da ita ita ce yanka muke yi a maƙogwaro, ba a harbin goshi kamar yadda ake yi a mayankar Turai, saboda haka ƙoƙon yana zuwa mana lafiyayye.

Idan kai ya iso rumfa, da wuƙa ake farawa. A cire fata, da harshe, da idanu, da naman kumatu, a raba muƙamuƙin ƙasa da na sama. Ƙwaƙwalwa kuma ta kafar ƙeya ake fitar da ita, a zura waya mai lanƙwasa a dama ta, a ɗura ruwa a girgiza har ta fito tas. Duk abin da wuƙa ta ɗauke a ranar farko ya rage maka wari na makonni.

Daga nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ke gaggawa. Kowa abin da yake fara tunani shi ne a ɗora tukunya a tafasa. Tafasa tana da sauri, amma ɓarnarta ba ta gyaruwa. Kitsen da ya narke komawa yake cikin ƙashi, bayan wata biyu ko uku sai ka ga rawaya tana tsattsafowa a goshi tana ƙarni. Haƙora suna darewa. Idan ƙaramar dabba ce wadda ɗinkin ƙasusuwan kanta bai gama haɗewa ba, sai ka buɗe tukunya ka tarar da kan ya wargaje gunduwa-gunduwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙasusuwan cikin hanci. Duk wanda ya leƙa hancin ragon da aka gyara da kyau zai ga wasu ƙasusuwa a nannaɗe kamar tabarma, ba su fi takarda kauri ba, har haske yana ratsa su. Ta cikinsu iska ke bi ta yi ɗumi, ta jiƙe, ƙura ta maƙale kafin numfashi ya kai huhu. Malami yana iya kwashe awa guda yana bayanin wannan a allo, amma yaro ya ɗaga ƙoƙon ya leƙa sau ɗaya ya fahimta. Tafasa da sanda mai tsini su ne ke fara hallaka su, kuma ƙoƙon da ya rasa su a wurina rabin kaya ne, ko da ya fi alli fari.

Mu jiƙawa muke yi. A nutsa kan cikin durom ɗin roba, a cika da ruwa, a rufe ba ruf ba, a ajiye inda rana ke bugu. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da nama su za su yi aikin, zafin ƙasarmu kuma yana taimaka musu. A watannin bazara mako biyu zuwa uku sun isa kan rago, da hunturu kuwa sai ya ninka haka. Idan za a sauya ruwa ba a zubarwa duka, a bar kaɗan na tsohon don aikin ya ci gaba, kuma ta cikin rariya ake tsiyayewa, domin haƙoran gaba suna zubewa su kwanta a gindin durom. Haƙori ɗaya ya bi ruwa, to ka yi asarar kai sukutum, don na wata dabbar ba zai zauna a gurbin ba. A kan tumaki mukan ci karo da wata tsutsa mai kauri a kogon goshi, 'yar wani ƙuda ne da ke zuba ta a hanci, ita ce ke sa tunkiya yawan atishawa da majina. Ɗaliban likitanci suna murna idan mun ajiye musu ita a kwalba.

Ƙananan kawuna, irin na zomo da kaza da zabo, ƙwari muke ba wa. Ƙwaron nan ne da ke ɓarnar busasshen kifi da fatu, mai tsutsa mai gashi-gashi, wanda 'yan kasuwar banda ke kuka da shi. Manyan gidajen adana kayan tarihi na duniya kiwonsa suke yi musamman don wannan aiki, mu kuwa a gindin kwalin kifi muke samunsa kyauta. Yana cinye nama tas ya bar ƙashi mafi siranta a inda yake. Sai dai yana son duhu da bushewa, tururuwa kuma ta samu hanyar akwatin sai ta ƙarar da shi, shi ya sa ƙafafun teburinsa ke cikin gwangwanayen ruwa.

Ƙaho aikinsa daban ne. Abin da ido ke gani kube ne kawai, jinsinsa ɗaya da farce da kofato, a cikinsa akwai ƙashi mai rami wanda ya haɗe da kogon goshi. Bayan ya jiƙu sai a murɗa kuben ya zare, a wanke naman da ke tsakani, a shanya kowanne daban, sai a ƙarshen aiki a mayar. Wanda ya bar kuben a jikin ƙashi zai sha mamakin inda wari ke fitowa.

Fitar da maiƙo shi ne matakin da ba mai saye da ke gani, kuma shi ya fi cin lokaci. Ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a sauya, a sake sauyawa, har ruwan ya daina yin fari-fari a sama. Kan raƙumi da na kiwataccen sa suna iya cin watanni. Sai ƙashi ya rabu da maiƙo sannan a sa shi a haidirojin, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, na kemis mai ƙarfin kashi 3 ko 6 cikin ɗari ya wadatar. A mazubin roba ake yi, ba na ƙarfe ba, ba a kuma toshe murfin. Ruwan bilic na wanki kuwa ban yarda ya shigo rumfata ba. Yana faranta ƙashi nan take, amma yana ci gaba da cinsa a hankali, bayan shekara ɗaya ko biyu ka shafa ka ga gari a hannunka. A inuwa ake shanya, musamman lokacin iskar hunturu da ke tsaga haƙora, sannan a mayar da kowane haƙori gurbinsa da farin gam na kafinta.

Haƙoran nan su ne rabin darasin. Sa da rago da akuya ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, a ƙasa kuma guda 8, jimillar bakin babba 32. Dillalin kara da ke buɗe bakin dabba yana ƙirga manyan haƙora shekaru yake karantawa: rago yakan sauya biyun farko bayan ya shekara, sa kuma wajen shekara biyu. Raƙumi nasa 34 ne, da fiƙoƙi irin na mai cin nama, wanda duk ya ga na amale zai gane dalilin da ake tsoron cizonsa. Don haka idan makaranta ta ba ni dama, ba kai ɗaya nake haɗa mata ba, jeri nake yi daga ɗan rago har tsoho, su ga yadda baki ke sauyawa.

Akwai abin da ba na karɓa ko nawa za a biya. Ba na taɓa mushe. A mazhabarmu ta Malikiyya ƙashin mushe da ƙahonsa ba su da tsarki, ga kuma haɗarin ciwon saifa, wato antiraks, wanda ƙwayarsa ke iya shekaru masu yawa a raye cikin ƙasa da ƙashi. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja, kuma tun daga lokacin na ƙara tsanantawa: safar hannu, takalmin roba, babu cin abinci a rumfa. Kan kare ma ba na karɓa sai ta hannun likitan dabbobi, saboda cutar haukan kare a ƙwaƙwalwa take zama. Namun daji kuwa ƙofa a rufe take. Ana zuwa mini da kan kura, da na biri, da na ungulu, wasu ma sun ɗauka aikina da na masu tsibbu ɗaya ne. Nijeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, tana kuma cikin yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji. Ko babu doka, duk wanda ya girma yana ganin ungulaye jingim a mahauta ya san yanzu sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba, kuma cinikin kawunansu yana cikin abin da ya jawo haka. Idan na saya yau, gobe maharbi zai koma daji saboda ni.

Matasa da ke son abin don sha'awa suna yawan tambayata ta ina za su fara. Nakan ce su jira Babbar Sallah, su roƙi kan ragon layya kafin a kai shi babbaka, su nemi bokiti mai murfi da wuri nesa da maƙwabta. Su kuma rubuta komai a takarda: irin dabbar, namiji ko mace, daga wace kasuwa, wace shekara. Ƙoƙon da ba shi da wannan bayani ado ne kawai.

Abin da nake tarawa yanzu, wanda ba na sayarwa ba, shi ne jerin dabbobinmu na gida. A shanu ina da Bunaji, ina da Bokolo mai guntun ƙaho na ƙasar Sakkwato, da Rahaji mai ƙahonin da sai mutum biyu ke saukewa daga mota. A tumaki ina da Balami da Uda da 'Yankasa, ga kuma jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Wanda nake nema ruwa a jallo shi ne kan saniyar Kuri ta tsibiran Tafkin Chadi, mai kumburarren ƙaho mara nauyi, wadda ke raguwa saboda janyewar tafkin da barbara da wasu shanu. Na bar saƙo wurin fataken da ke lodin shanu daga Maiduguri cewa duk wanda ya samo mini lafiyayyen kai na yanka, ƙahonsa ba a sare ba, zan biya kuɗin kan da kuɗin mota.