Abin da na koya wajen gyara libarba ta ɗauki harsashi mai wuyan kwalba

A shagon wani maƙerin bindiga mai lasisin gwamnatin tarayya a Amurka, inda nake koyon sana'a, wani maharbi ya kawo mana libarba yana so a sauya mata ganga, wato sashen da ke juyawa mai gurabun harsasai, domin ta ɗauki ƙaramin harsashi mai tsananin gudu. Irin wannan harsashi kwansonsa na da faɗi daga gindi, sannan ya tsuke daga sama kamar wuyan kwalba, don albarushi mai yawa ya tura ɗan ƙaramin kai. Mutumin yana farautar ƙananan dabbobin da ke ɓata gonaki ne, kuma yana son bindigar hannu da za ta kai nesa ba tare da ta yi masa harbin baya mai ƙarfi ba.

Kafin maigidana ya bar ni in taɓa ƙarfe, sai da ya zaunar da ni ya ba ni tarihin abin, domin an daɗe da gwada shi. A shekarar 1961 kamfanin Smith & Wesson ya fito da libarba samfurin 53 don harsashin .22 Remington Jet, wanda aka samo ta hanyar tsuke bakin kwanson .357 Magnum. An tallata cewa kan harsashin, mai nauyin kusan giram 2.6, zai yi gudun ƙafa 2,460 a daƙiƙa ɗaya, amma a libarba ta zahiri bai kai haka ba, kuma an daina ƙera bindigar a 1974. Shi ma harsashin .256 Winchester Magnum da niyyar libarba aka yi tunaninsa, amma da kamfanin Ruger ya tashi fitar da shi a 1963, sai ya yi bindigar Hawkeye mai ɗaukar harsashi ɗaya tak, aka kauce wa gangar mai juyawa gaba ɗaya.

Babban dalilin da ya sa irin waɗannan harsasai ba su dace da libarba ba guda ne, kuma sai da na gan shi da idona na fahimce shi sosai. Idan an harba harsashi, kwanson tagulla yana kumbura ya kama bangon gurbinsa na ɗan lokaci, sannan ya saki idan matsin ya sauka. Kwanso mai miƙaƙƙen jiki yana riƙe bango da kyau. Wanda kuwa ya zo a karkace daga gindi har wuya, irin na Jet, matsin iskar albarushi yana tura shi baya, ya danne fuskar ƙarfen da ke bayan ganga, kuma ba ya komawa inda yake. A doguwar bindiga wannan ba matsala ba ce, domin akwai ƙarfen da ke kulle gindin harsashi, kuma da ƙarfi ake zare kwanson. Libarba kuwa tana buƙatar ɗan sarari a bayan kowane kwanso domin ganga ta juya zuwa harsashi na gaba. Da zarar kwanso ɗaya ya cike wannan sarari, ganga ta tsaya cik, kunama ta ƙi motsi. Tsofaffin harsasai irin .44-40 da .32-20 su ma suna da ɗan wuya, kuma sun yi aiki lafiya a libarbar Colt tun ƙarni na 19, amma matsinsu ƙasa yake sosai.

Saboda haka muka shawarci mai bindigar kada ya zaɓi Jet, ya bi hanyar da wani maƙerin harsasai, Jim Harvey, ya bi a shekarun 1950 da harsashinsa .22 Kay-Chuk, wato kwanson .22 Hornet da aka ɗan rage masa tsawo, aka miƙar da jikinsa, aka yi masa kafaɗa mai kaifi. Ya amince, muka yi aikin a kan sabuwar ganga, muka ajiye ta asali yadda take.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun gogewa. Na zo da tunanin cewa gurbi mai ƙyalli kamar madubi shi ne alamar aikin ƙwararre, sai maigida ya hana ni wuce wani mataki, ya ce tagulla tana buƙatar abin da za ta kama. Haka kuma mai. Kowane mai bindiga an koya masa shafa wa ƙarfe mai don tsoron tsatsa, amma a nan ɗigon mai kaɗan a cikin gurbi ya isa ya sa kwanso ya zame baya. Mun gwada haka da gangan a filin gwaji: gurbi busasshe ya ba mu juyi ba tangarɗa, wanda aka bar wa ɗan mai kuwa ya fara nauyi nan take. Dole a wanke kowane gurbi da sinadarin cire maiƙo kafin harbi, a kuma goge harsasan.

Sai asarar gudu. Tsakanin ganga da bututu akwai 'yar tazara da ba makawa sai ta kasance, kuma ta nan iska mai zafi take fita. Na'urar auna gudu ta nuna mana cewa wani kaso na albarushin a waje yake ƙonewa, ya zama ƙara da walƙiya. Ƙarar tana da kaifin da ba a tsayawa kusa da ita ba tare da abin toshe kunne ba, kuma wannan wutar ce ke cin mashigar bututu da ƙarfen da ke saman ganga a hankali.

A ganina aikin ya cancanci wahalarsa ga mutum irin wannan maharbi, wanda ke haɗa harsasansa da kansa, mai haƙurin tsaftace ganga, wanda ba ya neman matsi na ƙarshe da kwanso zai iya ɗauka. Bindigar ta fito da saiti mai kyau, harbin bayanta kuma kaɗan ne. Amma da wani ya zo daga baya yana neman irin wannan gyara don gudu kawai, maigida ya nuna masa bindigar hannu ta Thompson/Center Contender mai ɗaukar harsashi ɗaya, wadda ba ta da tazarar ganga kuma gindinta a kulle yake, ni ma na goyi bayan wannan shawara.