Ranar da na daina cewa "lafiya lau"

Na yi kusan wata takwas ina amsa gaisuwa da "lafiya lau" alhali babu lafiyar. Shadda da atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dala ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a farkon 2024, jarina ya dinga narkewa. Abin da na sayar yau, kuɗinsa ba ya mayar da shi gobe. Ga bashin wani Alhaji a wuyana.

Barci ne ya fara ƙaurace min. Ƙarfe biyun dare zan fito tsakar gida in yi ta lissafin da ba ya fita. Da safe kuma sai faɗa. Ranar da na daka wa ɗana tsawa don ya zubar da koko, har yaron ya saki fitsari a wando, uwarsa ta dube ni ta ce, "Abban Sadik, wannan fa ba kai ba ne."

Na taɓa gwada buɗe cikina a majalisarmu ta wurin mai shayi. Ban kai ƙarshe ba wani ya ce, "Haba, kai da kake namiji! Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Wani ya ce in abin ya yi tsanani sai a miƙa ni asibitin mahaukata na Dawanau. Aka kwashe da dariya, har da ni.

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti, ina zaton hawan jini. Likitan ya auna, sai ya ajiye biro ya ce, "Malam, yaushe rabonka da barci mai daɗi?" Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Ya ce ciwon damuwa ne, ya tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Katin nan a ƙarƙashin sirdin babur na riƙa ɓoye shi, kamar kayan sata. Maganin kuma ba irin na zazzaɓi ba ne, sai da na yi makonni ina sha kafin na ji sauƙi, har na kusa watsar da shi.

Limaminmu na fi jin nauyi, don na ɗauka zai ce raunin imani ne. Sai ya tuna min Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf ya sa idanunsa suka yi fari. Ya ce in riƙe addu'a, in kuma riƙe maganin.

Bashin har yanzu ina biya, kaɗan-kaɗan. Makon jiya na lura maƙwabcina a kasuwa ya rame, abu kaɗan sai ya hau yaran shagonsa da masifa. Na bari sai da muka fito daga sallar la'asar, mu biyu kaɗai, na ce, "Alhaji, kana samun barci kuwa?" Ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya amsa.