Ƙyauren da Baffa Bai Yarda da Shi Ba

A shagonmu na ɗinki, can bayan kasuwar Wunti, akwai wata ƙusa a bango sama da teburin yanka. Sau biyu ana yi wa shagon fenti ban bari an cire ta ba. Nan marigayi Baba yake rataye rediyonsa mai rigar fata, wadda in batirinta ya yi sanyi ake aikena in shanya shi a kan kwanon rumfa, wai rana ta ƙara masa ƙarfi. Shi tela idonsa na kan allura, hannunsa na kan yadi, ƙafarsa na kan keke, kunne ne kaɗai ke zaman banza. Shi ya sa in ka cire direbobi da masu shayi, ban ga wanda ya kai mu jin rediyo ba.

Rediyon Bauchi muna kama ta don sanarwa da gaishe-gaishe, amma a shagonmu dai wasan kwaikwayo sai Kaduna, gidan da aka kafa a 1962 zamanin Sardauna. Gajeren zango, mita 49, murya ta tafi ta dawo kamar ana kaɗa ta da iska. Da an shiga Samanja, Baba zai ɗauke ƙafa daga keke. Mai jiran ɗinki ya manta da saurin da yake yi, mai guga ya tsaya da dutse a hannu har gawayi ya mutu. A lokacin ban taɓa leƙa barikin Shadawanka ba, amma barikin Samanja na san shi lungu-lungu, kuma ba wanda ya nuna mini shi, daga tsawa da Hausar bariki na gina abina. Ranar da aka sanar da rasuwar Usman Baba Pategi, wato Samanja kansa, a Nuwamban 2023, ƙusar nan na fara kallo.

Yanzu yara uku ke gare ni a shago, kowa da waya maƙale a kunne. Sai ka ga ɗaya ya tuntsire da dariya shi kaɗai kamar mai aljanu. Ran nan na ce da ƙaraminsu, "Kai, me ake ba ka a kunnen nan?" Ya ce, "Oga, labari ne." Na karɓa na saurara. Mutum ɗaya ne ke karanta littafi, in ya zo maganar mace ya siranta murya, in ya zo ta namiji ya kumbura ta, ga wani kiɗa a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, ko a wurin mutuwa ko a wurin biki. Ban raina ba, mutumin ya iya karatu, kuma irinsa sun cika YouTube da Telegram. Amma wannan karatu ne. Wasa daban.

Ƙanena da ya yi jami'ar ATBU shi ya ce ai Turawa sun farfaɗo da abin, suna ce masa fodkas. Ya kunna mini wani na BBC, The Archers, labarin manoman wani ƙauye a Ingila da ake yi tun 1951, yanzu kuma ana sauke shi a waya. Turancina bai wuce na awo da ciniki ba, amma na ji an turo ƙofa, na ji buta a kan wuta, na ji kare can nesa, na san a kicin muke. Ya kuma ba ni labarin Orson Welles, wanda a 1938 ya shirya wasa a Amurka cikin sigar labaran gaggawa, wai halittun duniyar Mars sun kawo hari, har wasu masu sauraro suka firgita da gaske. Na ce to wannan ai ya san kan kunne.

Bayan Ƙaramar Sallah, da aiki ya lafa, muka ce bari mu gwada namu. Minti 10 kacal, labarin telan da ya ci kuɗin mutane ya ɓuya daren jajibere. Kar a tambaye ni inda na samo shi.

Waya ɗaya muka yi amfani da ita, a ɗakin ƙanena, muka jingina katifa a taga muka rataye barguna don kar murya ta riƙa dawowa. Janaretan maƙwabci, hon ɗin Keke Napep da wata akuya mai naci suka sa dole sai ƙarfe goma na dare muke farawa. Sauti kuwa ya koya mini abin mamaki: na gaskiya ba kullum yake fita kamar gaskiya ba. Mun ɗauki ruwan sama a kan kwano, da muka kunna sai ka ce ana suyar masa. Gero muka riƙa zubawa a hankali a kan faranti, sai ga ruwa tsaf. Wutar murhu kuma leda ce ake murzawa kusa da waya.

Rubutun ya fi ba ni wuya. A kwafin farko na sa telan yana cewa, "Ga shi na ɗauki almakashi zan yanka shaddar nan." Wane tela ne ke faɗin haka? Sai a bar almakashin ya yi ƙara a kan tebur, matarsa ta ce daga tsakar gida, "Malam, ba dai shaddar Alhaji ka taɓa ba?" Shi ke nan, mai sauraro ya ga almakashi, ya ga shadda, ya san ta wane ce, ya kuma san akwai rigima a gaba. Haka na gane dalilin da ya sa mutanen wasan rediyo ke yawan kiran sunan juna: ba fuska, dole suna ya tsaya a madadinta. Har wani abokinmu muka ba haƙuri muka sauya shi, don muryarsa da ta ƙanena kamar an tsaga kara.

Da muka gama na tura wa zauren teloli na WhatsApp, aka yi ta turo hoton dariya. Bai gamsar da ni ba, don ban ji dariyar kowa ba. Washegari na rataye ƙaramar sifika a ƙusar Baba, na ce kowa ya cire abin kunnensa. Wata mai jiran ɗinki ta ce da telan cikin wasan, "Allah ya isa," da ƙarfi, kamar yana gabanta.

Ranar Juma'a na kai wa Baffa a Jahun. Shi da Baba suka buɗe shagon, yanzu idonsa ya yi rauni, rediyo ce abokiyar hirarsa. Ya saurara bai ce uffan ba, har wurin da masu kaya suka zo suna bugun ƙofar gidan telan. Sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Wannan ƙofar ina ce?"

"Ta zaure ce, Baffa."

"A'a. Ƙyauren zaure yana jan ƙasa, kuma akwai sarƙa. Wannan ƙofar kwaba ce."

Ƙofar kwabar ƙanena ce kuwa. Baffa ya laluba sandarsa ya miƙe, ya ce in kunna wayar in biyo shi. Ya tsaya a bakin zauren ya ce in matso da ita ƙasa-ƙasa, wajen da langa-langar ke gogar siminti. Sau huɗu ya buɗe ya rufe, na uku ya ce a goge, wai babur ya wuce.